Jirgin Kumandan da Hannun Yaya Bukar

Kun taso kuna jin mutanen Gure suna ce mini Idi Mai Sheƙi, kuma ina ganin yadda kuke ɗaga kai idan an faɗa a gabanku. Ban taɓa hana kowa kirana haka ba, ban kuma taɓa gaya muku inda sunan ya samo asali ba. Abin da kuka sani shi ne ni na gyara jirgin ruwan wani Nasara har ya ga fuskarsa a jikin katako, kuma Baba Bukar, yayana, ya nakasa a hannu wajen aikin hanya, zamanin aikin dole. Duka biyun gaskiya ne. Abin da na ɓoye muku shi ne labarin guda ɗaya ne, kuma ni ne a tsakiyarsa. Yanzu idona ya gaji, gizago ya fi ƙarfin kafaɗata, shi ya sa nake so in rubuta tun ina da sauran hankali, don kada ku ci gaba da alfahari da abin da ni nake jin kunyarsa.

Abin ya faru ƴan shekaru kafin babban yaƙin Nasara na biyu. Kada wani ya nema mini uzuri da ƙuruciya. Magidanci ne ni a lokacin, da gemuna, uwarku Zara tana goyon babbar yayarku. Gidanmu gidan sassaƙa ne tun kaka da kakanni: akushi, turmi, kujerar mata, ƙotar gatari. Da babanmu ya rasu, Yaya Bukar ya gaji rumfar. Shi mutum ne mai sanyin hannu da sanyin baki, sai ya yini a kan akushi guda yana shafa shi kamar mai lallashin jinjiri. Ni kuwa sauri gare ni, ina fitar da uku kafin ya gama ɗaya. Amma duk Bafillatanar da ta zo daga Bune sai ta ɗauki nawa, ta juya shi, ta ajiye, ta ce a ba ta na Bukar. Wannan abu ya daɗe yana cin raina. Inna, da yake shi ne ɗan farinta, ba ta kama sunansa, Mai Rumfa take ce masa, ba ta kuma yabonsa a gaban mutane. Ni take yabo, ni take tsokana, amma na san wanda take duba idan magana ta zo ta neman shawara.

Kumandan na wancan lokaci, wato Nasaran da yake mulkin Gure, wanda ba zan kama sunansa ba, daga bakin tafkin Cadi aka canjo shi, ya zo da wani ɗan jirgin ruwa na katako. A kan raƙuma aka ɗauko shi gunduwa-gunduwa, aka haɗa a bariki. Mutanen Gure sun yi wata guda suna zuwa kallo, suna tambayar juna ko Nasaran ya sami labarin ruwan Annabi Nuhu zai dawo ne. Da damina, idan tafki ya cika, sai a kai masa shi can ya shiga yana harbin tsuntsayen ruwa, su dinya da kirinjijiya. Jikin jirgin ja-ja ne kamar zuma, an shafe shi da wani mai da suke kira berni, wanda idan ya bushe yake zama wata fata mai ƙyalli a kan itace, ruwa ba ya ratsa ta. Amma ranar Gure ba ta san kumandan ba. Rani biyu jirgin ya yi a kife bayan bariki babu inuwa, ya koɗe, ya yi fari-fari, in ka shafa sai ka ga kamar gari a tafinka.

Ana dab da damina ta uku sai gardi, ɗan sandan bariki, ya zo rumfa ya ce ana kiranmu. Muka tarar da tafinta tsaye a kan jirgin. Yaya ya zagaya shi sau biyu, sannan ya jiƙa yatsa da yawu ya shafa. Jan launin ya dawo a wurin, ya ɗan jima, da ya bushe ya sake komawa fari.

"Bai mutu ba," in ji Yaya. "Saman ne ya ƙone. Na ƙarƙashi yana nan da rai, amma bai fi kaurin ɓawon albasa ba."

"Kwana nawa zai ɗauka?" in ji tafinta.

"Arba'in, in an kai shi inuwa."

"Kumandan zai fita rangadi gobe, kwana goma zai yi. So yake ya dawo ya tarar da shi yana ƙyalli."

"To, a gaya masa zai tarar da gefe guda an fara."

Ban tsammanin tafinta ya isar da wannan magana. Aka dai kai jirgin ƙarƙashin wata tsamiya, Yaya ya fara aiki, ni ina gefe ina hamma. Toka ya tankaɗe sau uku da ƙyalle har ta yi laushi kamar kwalli, ya dama ta da ruwa, ya ɗauko fatar akuya da aka jeme ta yi taushi. Sai ya zaɓi wuri da bai fi tafin hannu ba, ya yi ta murzawa a hankali, yana tsayawa yana wankewa yana dubawa. Da wurin ya bushe ya shafa masa kakin zuma, ya goge da ƙyallen sawaye. Yini guda cur, abin da ya gyara bai kai faɗin faifai ba. Amma wurin ya fito ja, mai zurfi, har kana ganin jijiyar itacen a ƙarƙashi. Kwana biyu kakin da muke da shi ya ƙare, Yaya ya ce na kasuwar Kelle ya fi tsabta, zai je da kansa. Yana ɗaure wa jaki kaya ya juyo ya dube ni.

"Idi, ka wanke shi da ruwa kawai. Kada ka sa masa komai sai na dawo."

Na ce to.

Washegari ina wankin sai ga tafinta. Ya dubi ɗan wurin da Yaya ya gyara, ya dubi sauran jirgin, ya kama haɓa. Ya ce shi ya ga ta kansa, don shi ya yi wa kumandan alkawari. Sannan ya rage murya.

"Yayanka gwani ne, amma aikinsa na tsofaffi ne. Ni na ji an ce a rumfarku kai ne mai zafin nama. Ko ƙarya aka yi mini?"

Ba zan ɗora masa laifi ba. Ya dai taɓa inda yake mini ƙaiƙayi, sauran ni na yi da kaina. Na zauna na yi tunani irin na ɗan masassaƙa. Idan mace ta kawo mana tsohon akushi ya yi furu-furu, me muke yi? Mu kankare shi da yashi da ganyen ɓaure mai kaushi, mu shafe shi da man shanu, mu ajiye a rana ya sha, ya fito baƙi wul yana ƙyalli. Tun ina ɗan shekara goma nake yin haka, ba a taɓa mayar mini da aiki ba. Na ce a raina ai itace itace ne, ko na Nasara ko na Bafillatana, Yaya ne kawai yake son mayar da ƙaramin abu babba. Na koma gida na ɗauki gorar man shanun Zara. Ta leƙo daga madafa tana dariya.

"Man miyar tawa za ka kai wa jirgi? Ko shi ma haihuwa ya yi?"

"Ki bari ki gani," na ce mata. "Gobe sunan mijinki zai zagaya garin nan."

Kwana biyu na yi ina kankara da yashi. Farin yana tashi da sauri, ni kuwa daɗi yana cika ni. Ranar ta biyu da hantsi, a wajen goshin jirgin, na ga jan ma ya tashi. Na wanke wurin, sai ga itace tsirara, fari fat, faɗinsa ya kai tafi biyu, ga kuma zane-zanen yashi ko'ina a gefen da na bi. Na tuna da ɓawon albasar da Yaya ya ambata, na gane na huda shi. A nan ya kamata in tsaya in jira shi. Maimakon haka sai na duba hagu da dama, na kamfaci man shanu na lafta a wurin. Itacen ya shanye, ya yi duhu, ya saje da sauran. Na shafe jirgin duka, na sa aka ja shi rana. Da la'asar yana ta walƙiya, mutane sun taru, tafinta yana dukan kafaɗata. Na tafi gida ina taku kamar wanda ya sayi raƙumi, amma tuwon ranar bai wuce mini da daɗi ba.

Yaya ya dawo da yamma ranar ta huɗu, a gajiye, ga kaki a cikin ƙwarya. Na tare shi a ƙofar gida na karɓi igiyar jakin. Ya ce yaya jirgi. Na ce na wanke shi. Ya ɗan dube ni, ya ce madalla, ya shiga gaida Inna. Na yi niyyar in gaya masa da safe a kan hanya. Da safen gardi ya riga mu, wai kumandan ya katse rangadi ya dawo, yana nemanmu yanzu.

Tun daga nesa muka jiyo warin. Man ya yi kwana biyu a rana ya lalace, iska ta kwaso rairayi ta manna masa, tururuwa sun ja layi daga ƙasa har sama, karen kumandan yana lasar gefe guda. Inda rairayin ya goge, zanen yashina ya fito fili. Goshin kuwa ya yi baƙi kamar an ɗora masa tukunya. Ɗan wurin da Yaya ya gyara shi kaɗai ya rage da mutuncinsa, don shi ban kankare ba. Kumandan yana tsaye fuskarsa ta yi ja, ya yi magana gajeriya, tafinta ya juya mana ita yana kallon sama, don shi ma yana da abin ɓoyewa.

"Yana tambaya, wa ya yi wannan?"

Kun san al'adarmu. A gaban hukuma babba ke magana, ƙarami ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Ina tsaye taku biyu a bayan Yaya, kaina a ƙasa, kowa ya gan ni zai ce ga ƙane mai ladabi. Amma ba ladabi ba ne, tsoro ne, na sami al'ada na laɓe a bayanta. Yaya bai amsa nan da nan ba. Ya yi shiru, shirun ya yi tsawo har gardi ya gyara tsayuwa. Ina kallon dugadugansa da ƙurar hanyar Kelle ba ta gama fita ba. Bakina ya buɗe, na rantse muku ya buɗe, amma na tuna bulala, na tuna mutanen da aka kai hanya ba su dawo daidai ba, sai na mayar na rufe.

"Aikin rumfata ne," in ji Yaya.

"Kai ka yi da hannunka?"

"Rumfata ce. Ni ne babba."

Aka yanke masa wata uku a aikin hanyar Damagaram, fasa dutse da ɗaukar ƙasa. Ni kuma aka ce in zauna in gyara jirgin, in ya gagara in bi shi.

Da labari ya isa gida matar Yaya ta fasa kuka, maƙwabta suka shigo. Inna ba ta yi kuka ba, don uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a idon jama'a. Ta shiga ɗaki ta dama fura ta cika gora, ta ƙulla dabino a ƙyalle, ta kira ni.

"Kai wa Mai Rumfa kafin su tashi."

Na miƙa hannu, ba ta saki gorar ba.

"Idi, hannunsa ne ya yi aikin nan?"

"Inna, ai rumfarsa ce."

Ta dube ni har na kau da kai. Ta ce ta ji, ta saki gorar. Daga ranar ba ta ƙara tsokanata ba har ta koma ga Allah. Zara kuwa ta san inda man shanunta ya tafi. Abin da ta ce kawai shi ne kada in dawo mata da waccan gorar, ba ta son ganinta. Ta rufa mini asiri duk tsawon zamanmu, kuma ban taɓa jin daɗin rufin ba.

Na iske Yaya a bakin gari, an jera su su goma sha wani abu. Na yi zaton zai tambaye ni, har na shirya ƙarya. Ya karɓi furar ya kurɓa, ya ce in matso.

"Man da itacen ya sha, berni ba zai kama wurin ba sai ya fita. Ka dama farar ƙasa da toka mai ɗumi ka lafta, ta bushe ka kankare da itace, ba da ƙarfe ba. Kullum, har ƙasar ta daina yin duhu. Ka ce wa tafinta a aiko da gwangwanin berni daga Damagaram saboda goshin. Sauran ka bi shi da toka yadda ka ga na yi. A inuwa, Idi. Kada ka yi sauri."

Gardi ya daka tsawa, suka tafi.

Na yi yadda ya ce. Kwana arba'in da ɗoriya ina ƙarƙashin tsamiyar nan, tafi guda bayan tafi guda, har fatar yatsuna ta saɓule. A nan na koyi aikin da na ci abinci da shi duk rayuwata, kuma kowace murza da muryarsa na yi ta. Ranar da na gama, kumandan ya zo ya sunkuya ya ga hularsa da gashin bakinsa a jikin katako, ya yi dariya, ya faɗi wata kalma, gardawa suka mayar da ita Mai Sheƙi. A goshin akwai sauran duhu kaɗan a ƙarƙashin sabon bernin, shi bai lura ba, ni kuwa shi kaɗai nake gani. Ga abin da ya fi komai yi mini nauyi. A wannan lokaci ran kumandan fari ne, har ya sa tafinta ya tambaye ni me nake so. Da na ce a sako mini yayana, ina jin da ya sako shi. Amma na ji tsoron kada ya tambayi dalili, magana ta ja magana har ta iso kan man shanu. Na ce ba na son komai, na gode. Tafinta ya yaba da kunyata. Bayan sati biyu dutse ya suɓuce wa wani a wajen aiki ya sauka a hannun daman Yaya.

Ya dawo da yatsu uku a murƙushe, sun warke a ƙage, bai ƙara riƙe gizago ba. Aiki kuwa ya yi ta zuwa mini: teburan bariki, ƙotar bindiga, akwatunan fatake. Yaya yana zaune a gefen rumfar da take tasa, yana tankaɗa mini toka da hagu. Fulanin Bune suka koma cewa a ba su na Idi. Na riƙe gidansa da ci da sutura, na aurar da ƴaƴansa, mutane suna cewa Allah ya ba kowa ƙane irin Idi. Duk ranar da aka faɗi haka a gabansa sai ya ce amin, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Sau da yawa na shirya magana, in zo bakin rumfa in tarar yana fama da rariya a gwiwa, sai in ce masa ina kwana kawai.

Sai da muka yi furfura mu duka, ciwon ajalinsa ya kwantar da shi. Wata ranar Laraba da hantsi ya ce a fito da shi rumfa ya sha iska. Muna mu biyu. Na durƙusa a gaban tabarmarsa, ni da nake da jikoki, na gaya masa komai, tun daga yashin har zuwa tambayar kumandan ta biyu. Ya saurara idonsa a rufe.

"Na farkon na sani," in ji shi. "Ranar da na dawo daga Kelle ka karɓi igiyar jakina, na ji man shanu a hannunka. Na biyun ne ban sani ba."

Ya ɗora nakasasshen hannun a kan ƙirjinsa yana dubansa. Na ce me ya sa bai taɓa faɗa ba.

"Kai nake jira. A bariki da ka ga na yi shiru, ba amsa nake nema ba. Ko ka yi magana ba zan bari a tafi da kai ba, Zara tana goyo. Ni zan tafi ko ta yaya. So nake kawai in ji muryarka a bayana."

Na ce Yaya ka yafe mini. Hawaye suna bin gemuna.

"Na farkon tun a kan hanya na yafe shi. Na biyun ka ba ni zuwa gobe."

Washegari na zo tun da sassafe na zauna. Ya buɗe ido ya ce ya yafe, ya nemi ruwa. Da ya sha ya miƙo mini moɗar, ya ce, "Amma ka daɗe, Idi." Bayan kwana shida muka kai shi makwancinsa.

Shi na gaya wa, amma ƴaƴansa har yau suna durƙusawa suna gode mini riƙon da na yi musu, ni kuma ina amsawa. Rumfar da kayan aikin duka nasu ne, tun asali ma ba nawa ba ne, kada in ji ɗayanku ya ja da su. Idan kun gama karanta wannan, kada ku ajiye shi sai bayan raina. Ranar Juma'a bayan an sauko, ku tara su a tsakar gidan Yaya, babbanku ya karanta musu da ƙarfi tun daga farko. Zan zo in zauna a gaba inda kowa zai ga fuskata, kuma idan aka iso wurin da kumandan ya ce wa ya yi wannan, mai karatu ya dakata. Ni zan amsa.